Yadda ake duba lasifikan situdiyo masu ampili a ciki, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya shigo shagona rungume da lasifikar situdiyo guda ɗaya ya ce, “Maigida, wagga ta daina magana,” amsa ɗaya nake ba shi: ka tare kabu-kabu ka koma ka ɗauko ƴar'uwarta. Wasu sukan ɗauka wahalar da su nake son yi, alhali sauƙi nake nema mana duka. Waɗannan lasifikan da ake haɗa waƙa, talla ko shirin rediyo da su, waɗanda ake kira monito, tagwaye ne. Takardar zanen hanyoyin wutarsu ba kasafai take zuwa hannun mai gyara a Maradi ba, amma idan mai lafiyar tana kan tebur, duk abin da ka auna a jikin marar lafiya kana iya aunawa a jikinta ka kwatanta. Ita ce littafinka.

Kuma monito ba baful ɗin biki ba ce. Baful ɗin biki, in ya yi ƙara ya cika fili, ya biya. Aikin monito shi ne ta faɗa wa mai haɗa sauti gaskiyar abin da ya ɗauka, ba ƙari ba ragi. Idan ka gyara ta tana magana amma muryarta ta bambanta da ta ƴar'uwarta, aikinka bai ƙare ba, domin duk waƙar da aka haɗa da ita za ta fito a karkace.

Ga abin da ke cikin akwatin. Akwai sashen da ke karɓar kuran na 220 ya mai da shi wutar da ampili ke ci. A tsofaffi taransfo ne mai nauyi, a sababbi da yawa ƙaramin allo ne marar nauyi irin na cajar kwamfuta. Akwai sashen da ke karɓar sauti ya raba shi biyu, mai kauri da siriri. Sai ampili, mai ƙara wa sauti ƙarfi, galibi guda biyu: ɗaya na babbar lasifika ta ƙasa, ɗaya na tuwita, wato ƙaramar ta sama. Yamaha HS5, alal misali, tana ba babbar wat 45, tuwita wat 25, tana raba su a 2000Hz. KRK Rokit mai rawayan faifai, JBL 305P da M-Audio BX5 duk ampili bibbiyu ne da su. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne zai gaya maka dalilin da rabin murya ke mutuwa rabi na raye.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya

Fara da tambayar mai kaya. Me ake yi lokacin da ta lalace? An ɗauke wuta ne aka tada gurup? An ji ƙauri? Da zarar an kunna take yi, ko sai ta yi zafi? Wanda ya ce maka “sai bayan azahar take fara kakari” ya riga ya nuna maka hanya: zafi ne ke buɗe wani tsagin dalma ko yake gajiyar da wata kondansa, wato ƴar gwangwanin da ke tara wuta a kan allo.

Sai ka jona su biyun, ka sa sautin da ka sani sarai a kunnenka, ka rage ƙara. Musanya wayoyin sauti: ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In ciwon ya bi waya, lasifika ba ta da laifi, a waya ne ko a katin sauti. Musanya wayar kuran ita ma. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an ɗauko mini akwati tun daga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ashe zare ɗaya ne ya tsinke a kan XLR, wato kan wayar sauti mai ƙafa uku. A irin wannan kan, ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa, ta 2 mai kai sauti, ta 3 kishiyarta. In ta 2 ko ta 3 ta tsinke, sau da yawa sauti ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, raguwa yake yi, ƙugi ya shigo, mai kaya ya yi zaton ampili ne ya gaji.

Juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da mashigar kuran. Kayan hannu da suka fito daga Amurka an yi su ne don volt 120. Wasu suna da ɗan makunni mai 115 da 230, wasu suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, wasu kuwa 120 kawai suka sani, sai da taransfo mai rage wuta a waje. In makunnin yana kan 115 aka soka a bango a nan, in an yi sa'a fiyus ne kaɗai zai tafi.

Fiyus ɗin yakan kasance a ɗan aljihu ƙarƙashin mashigar kuran. Ciro shi ka auna da mita, kada ka dogara da ido. In ya tsinke tsaf gilashinsa garau, mai yiwuwa wuta ce ta yi tsalle. In gilashin ya yi baƙi ƙirin, wani abu ya haɗe a ciki, sabon da za ka sa ma tafiya zai yi. Ka mayar da irinsa daidai: in an rubuta T1A, wannan T ɗin na nufin mai jinkirin tsinkewa ne, wanda ke jure fizgar farko ta taransfo. Naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a sana'ar nan. Fiyus kuɗinsa kaɗan ne. Taransfon da zai ƙone saboda rashinsa sai an aika Kano, wani lokaci ma ba a samu.

Buɗewa

Zare wayar kuran daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Kwantar da akwatin a kan tsumma mai kauri, ka kula kada tuwita ta dannu. Kwance notunan gefen farantin baya kawai. Na tsakiya su ne ke riƙe da taransfo da allo, in ka kwance su kaya za su zube a ciki. Jawo farantin a hankali, domin wayoyin lasifika da na ƴar fitilar gaba gajeru ne. Kafin ka zare ko da soket ɗaya, ɗauki hoto da wayarka, daga kusurwa biyu ko uku.

A nan ne ake rasa rai, don haka ka natsu. A allon wuta irin na zamani akwai babbar kondansa da ke riƙe volt 310 ko fiye, wasu har kusan 400, kuma tana iya riƙe su bayan an zare waya. Auna ta da mita tukuna. In da saura, ka sauke ta da rezistans, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai jure zafi, kamar mai om 10,000 wat 5, ka riƙe da abin da ba ya ɗaukar wuta har mita ta nuna ta sauka. Kada ka haɗe ƙafafunta da sukudireba. Tartsatsin yana cin hanyar allo, yana kuma raunata kondansar. Yaron da bai kai shekara a shago ba, ban yarda ya sa hannu a wannan ɓangaren ba in ba ina tsaye a kansa ba.

Yanzu ido da hanci. Shinshina: ƙaurin taransfo da ya ƙone daban yake, ba ya ɓuya. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan allo kamar bargo, ta hana zafi fita, in damina ta zo ta sha laima ta fara ɗaukar wuta. Share ta da busasshen burushin fenti mai laushi, ka hura da abin hura iska na hannu. Leƙa bututun iska na akwatin: na sha ciro gidan zanzaro a ciki, na sha ganin kashin kyankyaso ya cinye hanyar tagulla. Duba kan kowace kondansa. Wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a gindi ta gama. Duba rezistans da ta canja launi, da inda allo ya yi duhu.

Akwai wani abu da sabon mai gyara ba ya zargi: gam ɗin da masana'anta ke zubawa a gindin manyan kaya don kada girgiza ta karya su. A wasu tsofaffin samfura, gam ɗin nan in ya sha zafi na shekaru yakan koma ruwan ƙasa ko baƙi, ya fara ɗaukar wuta, ya ci ƙafafun duk abin da ya taɓa. Alamarsa tsatsa kore a ƙafar kaya, da ƙarar fat-fat ko shuu da ba ta da dalili. Kankare shi tas da tsinken katako ko roba, ka wanke wurin da alkol mai ƙarfi na wanke allo, ka bari ya bushe, sannan ka duba ko ya cinye wata hanya ka ɗinke ta da siririn zare.

Awo da kwan fitila

Kada ka mayar da monito da ta ƙona fiyus kai tsaye a bango. Haɗa kwan fitila na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, a jere da waya ɗaya ta kuran, yadda wuta sai ta ratsa kwan kafin ta isa akwatin. Kwan LED ba ya wannan aikin, don haka in ka samu na da a kasuwa ka saya ka adana. In ka kunna kwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai haɗewa, kuma kwan ya shanye wutar da da ta ƙona wani abu. Masu allon wuta na zamani wani lokaci sukan sa kwan ya riƙa ƙyaftawa ko da lafiyarsu ƙalau. Gwada mai lafiyar a kan kwan ɗin ka ga yadda take yi.

In akwai haɗewa, raba gari biyu. Zare wayoyin da ke fita daga taransfo zuwa allo. Kwan ya ci gaba da haske? Taransfo ne, ko abin kare tsallen wuta da ke gabansa. Ya dushe? Ciwon na kan allo: auna diyod huɗu masu daidaita wuta, sai manyan kondansa, sai aisin ampili, wato ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa da ke manne da ƙarfen sanyaya.

In babu haɗewa, sa mita a awon DC, wato wuta irin ta batir, baƙar waya a kan hanyar ƙasa ta allo, ka auna wutar ampili. Mai taransfo yakan ba da wuta biyu, ta ƙari da ta ragi. Taransfo mai 18-0-18 zai ba da wajen +25 da -25. Ba lambar ce ta fi muhimmanci ba, daidaituwarsu ce. In ɗaya 25 ɗaya 17, ka sami bakin zaren. Sai ƙaramar wutar sashen karɓar sauti, galibi +15 da -15 daga ƴan masu daidaita wuta 7815 da 7915, wasu 12. Waɗannan ƴan ƙananan suna zafi ƙwarai, kuma in ɗaya ta mutu sauti yakan shaƙe ko ya ɗauke ɗungum alhali fitilar gaba na ci. Duk lambar da ta ba ka shakka, buɗe mai lafiyar ka auna wuri guda.

Awo na gaba kada ka tsallake shi ko da kana sauri. Zare wayoyin lasifika, ka auna DC a bakin fitar kowane ampili ba tare da sauti ba. Ya kamata ya kasance kusa da sifili, ƙasa da milivolt 50 ko wajen haka. In ka ga volt masu yawa, aisin ya fashe a ciki ko wutarsa ɗaya ta ɓace, kuma duk lasifikar da ka jona a nan za ta ƙone cikin ɗan lokaci. Na ga wanda ya sayi sabuwar lasifika da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, aka ɗaura mata ampili mai zubar da DC, ba ta kai minti ɗaya ba. Ga masu ampili irin na zamani da ake kira Class D, galibi a tsakanin wayoyin fita biyu za ka auna, ba tsakanin waya da ƙasa ba.

Gurnani, kakari da shiru

Gurnani iri biyu ne, kuma kunne na iya raba su. Zare wayar sauti gaba ɗaya. In gurnanin ya tafi, daga waje yake shigowa. Kuran ɗinmu 50Hz ne, kuma gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba. Kwamfuta a wannan soket, monito a wancan, sai ƙugi. Cire cajar laftof ka bar ta a batir ka ji. Maganinsa a jona komai a wuri ɗaya, a yi amfani da waya mai zare uku, XLR ko TRS, a raba wayar sauti da ta kuran. Karya ƙafar ƙasa ta fulogi ba magani ba ne, ganganci ne da ran mai riƙe makirfo.

In gurnanin ya zauna bayan an zare waya, kuma muryarsa ta ɗan fi ta farko tsayi, 100Hz ke nan, manyan kondansa masu tace wuta sun bushe. Sa manhajar fitar da sauti a wayarka ka saurari 50 da 100, kunnenka zai riƙe bambancin.

A kan kondansa zan ɗan daɗe, domin ita ce zafin garin nan ya fi ci. A jikin kowace an rubuta 85°C ko 105°C. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ranta biyu. Ɗauki biyu da aka yi wa alkawarin awa 2000 kowace, a cikin akwatin da zafinsa ya kai 65: mai 85 za ta yi wajen awa 8000, mai 105 wajen 32,000. A Afrilu da Mayu, da zafin waje ke wuce 40, ga situdiyo a toshe da katifar hana ƙara, fanka a kashe don kada ta shiga makirfo, kai 65 a cikin akwati ba wuya. Don haka mai 105 kawai nake sawa. Lambar µF, wato yawan wutar da take iya tarawa, ta zama daidai da ta da, volt daidai ko sama, ƙafar ragi a inda allo ya nuna. In ka juya ta fashewa za ta yi. Kada ka tsaya kan manya. Ƙananan nan masu 10µF, 22µF da 47µF da ke maƙwabtaka da ƙarfen sanyaya sukan bushe ba tare da sun kumbura ba. A aisin ampili mai lamba TDA7294, ƙafa ta 9 da ta 10 su ke tashe shi daga barci su buɗe masa baki, kuma ƙananan kondansa ne ke ba su jinkiri. In sun lalace, sai ka ga aisi lafiyayye ya yi gum, ko ya riƙa buga “dum” a duk kunnawa. Kuma in ka canja a ɗaya, ka canja a ɗayar. Shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya.

Kakari da yankewar sauti galibi ɗayan biyu ne. Ko maɓallin ƙara da ƙananan makunnan baya sun sha ƙura, sai a fesa musu maganin wanke makunni a jujjuya sau ashirin ko talatin. Fetur da man keke ba su da wuri a nan. Ko kuma dalma ta tsage, domin allon yana zaune ne cikin akwatin da ke girgiza kullum. Kunna sauti a hankali, ka riƙa ƙwanƙwasa kaya da sandar roba. Inda sauti ya motsa, nan ne. Da gilashin ƙara gani za ka ga zobe siriri kewaye da ƙafar. Sake narka ta da sabuwar dalma, ƙarfen dalma a wajen digiri 350, ka bi ƙafafun mashigar sauti, na aisi, na manyan kondansa da na soket duka.

In awo ya tabbatar aisin ampili ne, TDA7294 ko LM3886 ko TDA2052, ka kula da abu biyu. Bayan TDA7294 da na LM3886T ƙarfe ne mai ɗauke da wutar ragi, don haka ƴar takardar da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya, da ƴar robar noti, dole su koma. Shafa farin man zafi siriri, ka auna da mita ka tabbatar ba su haɗe ba. Na biyu, jabu sun yi yawa a kasuwa. Wanda aka ciro daga tsohon allo na asali ya fi mini sabo mai ƙyalli da rubutunsa ke gogewa da yatsa.

Lasifikan kansu

Zare waya ɗaya ka auna om. Mai om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, mai 8 wajen 6. In mita ba ta motsa ba, bobin, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa faifai, ya tsinke, ko kuma ƴar igiyar da ke tafiya daga ƙafa zuwa faifai. Duba igiyar tukuna, ita tana ɗinkuwa. Taɓa babbar da batir mai volt 1.5: faifan zai yi gaba in ƙari ya hau ƙari. Tuwita ba a yi mata haka, bobin ɗinta siriri ne kamar gashi. Ɗora yatsu kewaye da tsakiyar faifan ka danna daidai a hankali; in ka ji karce-karce, bobin ya sha zafi ya kumbura. Duba robar gefe ko ta tsage ko ta saki.

In kana shakka tsakanin lasifika da ampili, bayan ka tabbatar babu DC, ɗauko ta mai lafiyar ka gwada da ƙaramar ƙara.

Masu naɗa bobin a garin nan gwanaye ne, kuma ga baful ɗin biki ko na masallaci aikinsu ya wadatar. Ga monito kuwa, naɗin hannu yakan canja nauyi da om, murya ta canja. Tuwitar kasuwa ma haka, ko da ta shiga ramin daidai. Shawarata a nemo ta asali mai lamba ɗaya, ko daga wata matacciyar irinta. In dole ta sa a sa wata, a sa iri ɗaya a duka biyun, a kuma gaya wa mai kaya gaskiya cewa kunnensa sai ya sake sabawa da su.

Rufewa da saurare

Mayar da audugar ciki yadda ka same ta, nesa da ƙarfen sanyaya. Ɗaure wayoyi kada su taɓa bayan faifai. Robar da ke bakin farantin baya ita ke hana iska fita. In ta mutu sa sabuwa, in ba haka ba za ka ji fito a sauti mai kauri. Katakon akwatin garin katako ne da aka matse, ramin noti yana saurin lalacewa: cusa tsinken ashana da gam ɗin kafinta, ka bari ya bushe, sannan ka ɗaure da hannu, ɗaya nan ɗaya can a gicciye.

Jera su biyun kafaɗa da kafaɗa, maɓallansu a wuri ɗaya. Sa sautin gwaji da ke hawa daga 20Hz zuwa 20,000Hz da matsakaiciyar ƙara, ka saurari inda wani abu zai yi rawa ko zuu. Sai ka aika musu murya ɗaya tak, ta mai karanta labarai misali, ka zauna a tsakiya. Ya kamata ka ji mutumin a tsaye tsakaninsu. In muryar ta watse, kauri ya ɓace, ka juya wayar wata lasifika. Koma ga hotonka. Bar su suna aiki awa biyu ko uku da rana tsaka, kana taɓa farantin baya kana kwatanta zafinsu.

Idan mai kaya ya zo ɗauka, nakan zaunar da shi in ce: ƙanena, monito ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. In an ɗauke wuta, kashe ta kafin a tada gurup, kada ka kunna sai injin ya daidaita. Sa mata regilatar mai ƙarfin da ya ninka abin da take ci. In da hasken rana kake aiki, ka tabbatar na'urar juya wutarka mai tsaftatacciyar wuta ce, domin mai arahar tana sa taransfo kuka da zafi. Bar tazarar hannu tsakaninta da bango, kada ka rufe ta da zane sai ta huce, kuma in hunturu ya wuce ka kawo su duka biyun a share musu ƙura kafin zafin bazara ya kankama.